Yadda Za Ka Yi Da Mummunan Makin Kwas Ɗin Bazara Idan Kana Neman Digiri Na Biyu A Amurka

A Amurka ɗalibai kan yi amfani da hutun bazara su ɗauki kwas ɗaya ko biyu, sau da yawa a ƙaramar kwalejin da ke kusa da gida. Karatun mako 15 ne ake cusawa cikin mako shida ko takwas, don haka ko mai ƙwazo yana iya fitowa da D. Ranar cika fom ɗin digiri na biyu sai zuciya ta fara raɗa masa cewa ai ba wanda ya san ya taɓa zuwa can. Kada ka saurare ta.

Fara da karanta ƙa'idar fom ɗin a tsanake. Yawancin jami'o'in suna neman takardar sakamako daga kowace makarantar gaba da sakandare da ka taɓa yin rajista, ko ka gama ko ba ka gama ba. A ƙarshe kuma za ka sa hannu cewa abin da ka rubuta gaskiya ne kuma cikakke. Wannan sa hannun shi ne abin tsoro. Akwai wata cibiya, National Student Clearinghouse, da tun 1993 take tattara bayanan rajistar ɗalibai daga kusan dukkan jami'o'i da kwalejojin ƙasar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In aka gano ka ɓoye, ana iya janye gurbin da aka ba ka ko da ka fara karatu, tallafin kuɗi ma ya bi shi. Masu neman likitanci ta tsarin neman gurbi na AMCAS kuwa, kowane zama da suka yi wa kwas ana lissafa shi, har wanda suka maimaita.

Sannan ka ɗauki biro ka yi lissafi, domin sau da yawa fargabar ta fi ɓarnar girma. Wanda ya tara kiredit 120 a kan GPA 3.5, in aka ƙara masa D a kwas mai kiredit uku, 3.44 zai koma. Mafi yawan sassa 3.0 suke sawa a matsayin ƙaramin mataki, wasu ma kiredit 60 na ƙarshe suka fi dubawa. Inda abin yake da nauyi shi ne idan kwas ɗin jigo ne a fannin da kake nema, kamar lissafi ga mai son ilimin tattalin arziki. A nan sai ka sake ɗaukarsa, ko ka ɗauki na gaba da shi ka ci da kyau kafin a rufe karɓar takardu.

Ka nemi takardar sakamakon da wuri, ka biya duk bashin da makarantar take bin ka don kada ya jinkirta samun takardar.

Bayanin dalili fa? Ni ina ganin in C ce guda ɗaya cikin tarin A da B, bar ta ta wuce, kada ka ja hankalin masu tantancewa gare ta. In D ce ko F, yawancin fom suna da gurbin ƙarin bayani. Jimla uku sun isa: abin da ya faru, ko rashin lafiya ne ko rasuwa ko aikin neman kuɗin makaranta, da abin da ka yi a kai, da makin da ka samu daga baya. Kada ka ɗora wa malami laifi, yana zubar da ƙimar mai nema. In malamin da zai rubuta maka takardar shaida ya san labarin, roƙe shi ya taɓo shi.

Ɗan'uwana da ya yi karatu a Kano ko Zariya, wannan ƙa'ida ta hau kanka kai ma. Difulomar da ka yi kafin shiga jami'a, da jami'ar da ka fara ka bari, duk ka ambace su, kuma in an nemi cibiyar WES ta tantance takardun karatunka ka bi umarninsu daki-daki. Duk inda ƙa'idar ta shige maka duhu, rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na sashen ka tambaya, ka ajiye amsarsu a rubuce.