Kafin ka haɗa na'urar wasanka da Wi-Fi

A Isa da Sabon Birni in an ce Wi-Fi na gida, ɗayan uku ake nufi: ɗan akwatin MiFi mai layin MTN, Airtel ko Glo, ko hosfot ɗin waya, ko kuma Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Duk ukun na'urar wasa tana hawa kansu. Haɗawar ba ta da wuya. Asarar da ake yi, daga rashin dubawa kafin a haɗa take fitowa.

Fara da sanin abin da ke hannunka. PS2 ba ta da Wi-Fi sam, kada ka wahalar da kanka. PS3 da PS4 ta farko zangon 2.4GHz kaɗai suke gani. Sai daga PS4 Slim da Pro na 2016, da PS5 ta 2020, aka sami masu kama 5GHz. Saboda haka in ka buɗe hosfot na'urar ba ta ga sunansa ba, ba lalacewa ta yi ba. Shiga saitin wayar ka mayar da zangon 2.4, tsaron kuma ka sa shi a WPA2, domin tsofaffin na'urori ba su san WPA3 ba.

Tambaya ta biyu ta fi wannan nauyi: na'urar taka ta asali ce, ko irin wadda aka buɗe aka loda wa wasanni a ciki? Da yawa daga waɗanda ake sayowa a hannu daga Sakkwato ko Kano buɗaɗɗu ne. Irin wannan in ta hau intanet ta sabunta kanta, buɗewar ta tafi, wasannin da aka loda su daina tashi, kuma ba a komawa baya. Kamfanin Sony ma yana iya toshe asusun ko na'urar gaba ɗaya. Shawarata ga mai shagon gem da wannan na'urar ce abincinsa: ya bar ta ba intanet. Mai son buga wasa da mutanen nesa ya tanadi ta asali da wasa na asali.

In ta asali ce, ga hanyar a PS4. Shiga Settings, sai Network, sai Set Up Internet Connection. Zaɓi Use Wi-Fi, sannan Easy. Sunayen Wi-Fi na kusa za su jeru, ka danna naka, ka rubuta lambar sirri a natse, domin babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Daga ƙarshe Test Internet Connection zai nuna maka ko ta hau.

Amma tun kafin wannan, je System, ka shiga Automatic Downloads, ka cire alamar da ke kan komai. Buga ƙwallo da wani ta intanet ba ya cin data sosai. Sabuntawa ce mai ci, domin ta wasa ɗaya tana iya wuce giga 10, kuma na'urar ba ta san datar wata ce ka saya da guminka ba. Sai ka wayi gari an turo maka saƙon ƙarewa alhali ko wasa ɗaya ba ka buga ba. In sabuntawar ta zama dole, ka bari sai dare, ka yi ta da tsarin data mai rahusa, bayan ka tabbatar batirin sola ko man janareta zai kai. Ɗaukewar wuta ana tsaka da sabunta manhajar na'urar kan lalata ta.

Wurin ajiye MiFi ma abin lura ne. Katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe suna rage ƙarfinsa. Ɗora shi sama kusa da taga, inda sabis ya fi kamawa, a ɗaki ɗaya da na'urar, ba cikin rana ba, don zafin bazara yana kumbura batir. In akwatin Wi-Fi ɗinka yana da ramin waya, sayi wayar LAN ka jona kai tsaye. Ta fi kowane Wi-Fi tsayuwa. Mutanen ƙauyukan bakin iyaka kuma su kashe yawon data a waya, kada layin ya tsallaka sabis ɗin Nijar ya riƙa cin kuɗin ƙetare.

Wajen gwajin Test Internet Connection za ka ga an rubuta NAT Type. Lamba 2 lafiya lau. A layin waya sau da yawa 3 ke fitowa, saboda kamfanin yana tara mutane da yawa a kan adireshi ɗaya. Wasa zai yi, sai dai samun abokin karawa da yin magana da shi kan yi wuya. Wannan ba gyaran mai gyara ba ne, kada ka biya kowa a kansa. Ka kuma sani yawancin wasannin PS4 sai da rajistar PlayStation Plus ake buga su da wasu, ban da na kyauta irin su eFootball da Fortnite. Katin kuɗin PlayStation da za ka saya dole ya dace da ƙasar da aka buɗe asusun da ita.

Mu nan mun san sabis ba abin dogaro ba ne. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Isa da Sabon Birni. Don haka ranar da ka fara haɗawa, shiga Account Management ka danna Activate as Your Primary PS4. Da wannan wasannin da ka saya ta intanet za su riƙa tashi ko babu sabis. Kuma ɗan'uwa, ka canza lambar sirrin da MiFi ya zo da ita tun yau, kafin yaran unguwa su karanta ta a bayan akwatin.