Filin Gwaggo: Ɗana na busa ƙaho a Amurka, mahaifinsa ya ce ya dawo gida

 Daga jihar Ohio ta Amurka nake rubuto miki, a nan muke zaune da maigida da yara. Babban ɗanmu shekararsa 19. Tun yana sakandare yake busa ƙaho a badujalar makarantarsu, bara kuma ya je gwaji aka ɗauke shi a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ganga da begila masu gasa a ƙarƙashin hukumar DCI. Kuɗin shiga ba kaɗan ba ne. Shi ya yi aiki ya tara rabi, ni na cika da kuɗin adashina. Tun watan Mayu rabonsa da gida.

A ƙarshen Yuni muka je kallon wasansu na farko. Gwaggo, kunya ta kama ni a gaban maigida. Sahunsu a karkace, wata yarinya ta cilla tuta sama ta kasa cafewa, a ƙarshe kuma suka tsaya cak wuri guda suna busa kamar waɗanda suka manta hanya. Da aka faɗi maki, sittin da wani abu suka samu cikin ɗari. A hanyar dawowa Abbansu ya ce dama can shi bai so ba, a gidansu ba a gaji kiɗa ba, yanzu ga shi kiɗan ma ba su iya ba, yaro ya dawo ya nemi aikin hutu. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ya rame, rana ta ƙona shi, a waya kuma muryarsa a dishe. Ya ce min salla ma da ƙyar yake samun lokacinta. In kira shi ya dawo, ko in bar shi?

Uwa mai damuwa, Ohio

Ƙanwata, Allah ya raya mana su, ya sa albarka a abin da kika kashe.

Kada ki kira shi saboda makin nan. Wasan da kuka gani ba a gama shi ba, kuma duk wanda ya saba zuwa filayen nan ya san haka yake shiga. A ƙarshen Yuni manyan ƙungiyoyi ma, waɗanda sunansu ya zaga ƙasar, sukan fito da wasa mai guntun ƙarshe. Tsayawar nan da suka yi cak ba mantuwa ba ce: sun iya kiɗan sashen ƙarshe, ba a koya musu takunsa ba tukuna, sai aka ce su busa a tsaye. Wani lokaci kayan sawa ma ba su iso ba, tutocin na aro ne. Riga ce a hannun tela, an yanka, an kama da zare, kuka leƙo kuka ga hannu ɗaya babu.

Ki lissafa abin da ake nema a wurin yaran. Ƙungiya ɗaya takan kai mutum 165, masu ƙaho, masu ganga, masu kayan kiɗan da ake girkewa a bakin fili, da masu tutoci. Wasan minti goma sha ɗaya ne zuwa sha biyu, babu takarda a gaban kowa, komai a ka. Kowane yaro yana da gurbinsa a filin ƙwallon Amurka, gurbin kuma yana canzawa duk bayan 'yan takuna, wani lokaci a guje, wani lokaci da baya, ƙaho na bakinsa, ana so sautin ya fita sumul kamar yana zaune a kujera. A wuraren da kiɗan ya yi sauri sukan yi taku uku cikin daƙiƙa guda. Sati huɗu ko biyar na atisayen bazara, ko da ana yini ana yi, ba ya isa a goge wannan. A kan hanya ake goge shi, gari bayan gari, daga ƙarshen Yuni har mako na biyu na Agusta, lokacin da ake gasar ƙarshe a filin Lucas Oil na Indianapolis, inda ake yin ta tun 2009.

Makin kuma haka aka tsara shi. Alƙalai na raba ɗarin nan gida uku: 40 na yadda wasan ya ratsa mai kallo, 30 na abin da ido ke gani, 30 na kiɗa. A farkon kakar wasa sittin da wani abu ko saba'in da 'yan kai shi ne abin da ake gani a allo, har a wurin waɗanda za su ƙare da casa'in da wani abu a Agusta. Ba makin jarrabawa ba ne da za a ce sittin ya kusa faɗuwa. Blue Devils ta garin Concord a Kalifoniya, wadda ta fi kowa yawan kofuna, ta kafa tarihi da 99.65 a 2014, amma a daren ƙarshe ta same shi, bayan wata ɗaya da rabi ana gyara. Ko cikin makon ƙarshe abubuwa na juyawa. A 2008 Phantom Regiment ta Rockford ta zo ta uku a daren farko, ta biyu a dare na biyu, ta ɗauki kofin a dare na uku da tazarar 0.025 kacal. In kwana uku na iya yin haka, ina ga mako shida?

Sai dai ba zan yi miki daɗin baki ba. Makin kowa na hawa, don haka hawan makinsu ba ya nufin za su wuce wasu. Ƙungiyoyi goma sha biyu kaɗai ke kaiwa daren ƙarshe, kuma mai yiwuwa tasu ba ta ciki. In kofi kika saya da kuɗin adashinki, to kin yi cinikin da babu tabbas. Ni a ganina abin da kika saya ya fi kofi: yaro mai shekara 19 da ke tashi da asuba ba tare da an tashe shi ba, ya wanke kayansa, ya ji gyara a gaban mutum ɗari bai yi fushi ba, ya maimaita taku goma sha shida sau talatin har ya daidaita. Iyaye da yawa a ƙasar da kuke zaune kuka suke yi da 'ya'yan da hutu ke samu a ɗaki, waya a hannu, dare ya zama rana.

Yanzu ga abin da ya kamata ki sa wa ido, wanda ya fi makin muhimmanci. Rayuwar tafiyar nan da wuya take. Cikin bas suke kwana rabin dare, su ƙarasa a kan katifar iska a ɗakin motsa jiki na wata makaranta, gari na wayewa su fita rana. Abinci daga motar girki ta ƙungiya yake fitowa. Rama da ƙunar rana da dishewar murya kusan kowa na yi, kuma makonnin farko su ne mafi ɗaci, domin jiki ya gaji, tafi bai fara yawa ba. Wannan gajiya ce, tana wucewa. Akwai kuma abin da ba gajiya ba. Idan ya kira, ki bar tambayar maki, ki tambaye shi dalla-dalla: ana ba ku hutun shan ruwa? Awa nawa kuke kwanciya a ƙasa? Akwai inda ke maka ciwo har kana ɗingishi, kuma mai duba lafiyarku ya gani? Akwai wanda ke zaginka ko wulaƙanta ka, cikin malamai ko 'yan uwanka? Ciwon ƙashin sangali da na gwiwa, da jiri saboda zafi, ba abin daurewa ba ne. In amsoshin nan suka ba ki tsoro, ki kira shugabannin ƙungiyar a ranar, in ba su gyara ba ki je ki ɗauko ɗanki, kuɗin da aka biya su tafi. A nan kam ba sai kin nemi shawarar kowa ba.

Maganar salla ita ce ta fi taɓa ni, kuma na ji daɗi da shi ya kawo ta da kansa. Yaron da ya yi watsi da salla ba ya kai ƙarar kansa. Ku tambayi malami hukuncin matafiyi, ƙasaru da haɗa salloli biyu, a yi masa bayani daidai da irin tafiyar da suke yi. Shi kuma ya samu mai kula da su ya gaya masa a fili cewa yana buƙatar 'yan mintuna a lokacin cin abincin rana da na yamma. Hutun cin abinci dama yana nan a jadawalinsu. Haka zancen naman alade: ya faɗa wa masu girki, su san shi, kada kunya ta sa ya riƙa kwana da biredi. Ki aika masa da ƙaramar darduma mai naɗewa idan bai tafi da ita ba.

Saura maigida. Kada ki tunkare shi da cewa bai fahimta ba, ko da kuwa haka ne. Maganar da ya yi ta gado ba daga sama ta faɗo ba. A inda muka taso, kiɗa sana'a ce mai gidajenta, kuma mutumin da ya ga ɗansa da ƙaho a baki zai iya jin kamar ana cewa ɗansa ya koma roƙo. Ki girmama wannan, sannan ki nuna masa bambancin a hankali. Waɗannan ƙungiyoyi daga faretin soja suka samo asali: bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin American Legion, da coci-coci da 'yan sikawut, suka riƙa kafa su don tarbiyyar matasa, kafin a fara gasar DCI a 1972. Ba a yi wa kowa kirari, ba a liƙa kuɗi, yaran ne ma ke biya. Kuma abu ne mai wa'adi, da mutum ya wuce shekara 21 zuwa 22 an sallame shi, ya koma karatunsa ko aikinsa.

Ki kuma gaya masa abin da na san zai shige shi, tunda namiji ne mai son a cika alkawari. Ɗanku ya sa hannu ya karɓi gurbi. In ya fice yau, rami zai bari a kowane sahu na wasan, sauran su yi ta kewaya wurin da babu kowa har a samu wani ya koyi takunsa daga farko. Abin da zan so ki roƙa a wurin Abbansu ƙarami ne: ya yi haƙuri har ku sake ganin wasa ɗaya a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Indianapolis ba ta da nisa da ku, Indiana maƙwabciyarku ce. Ku zauna a sama, saitin tsakiyar fili, domin daga ƙasa ba a ganin zanen da sahun ke yi. In ya kalla ya ce har yanzu bai yarda ba, sai a zauna a yi maganar baɗi, da yaron a wurin.

Wasiƙa ta biyu: Gwaggo, ina wuni. Shekarata 20, ina cikin masu tutoci a wata ƙungiya. A wasanninmu na farko akwai wurin da nake fitowa ni kaɗai a gaba. Bayan mako guda malamanmu suka sake tsarin, suka cire wurin gaba ɗaya. Ba wanda ya ce min komai. Kullum dare a bas kuka nake yi, ji nake kamar in koma gida.

Ɗiyarki, daga kan hanya

Ɗiyata, share hawayenki. Sake tsari bayan wasannin farko aikin kowace ƙungiya ne. Malamai na sauraron bayanan da alƙalai suka naɗa, su ga inda wasan ya yi sanyi, su yanke, su ƙara, wani lokaci su zubar da ƙarshen duka su gina sabo a tsakiyar Yuli. Mai yiwuwa cirewar ba ta da alaƙa da ke ko kaɗan. Mai yiwuwa kuma tana da ita, kuma haƙƙinki ne ki sani. Shirun da suka yi miki bai kyautu ba.

Kada ki yanke shawara a cikin bas da tsakar dare. Ki bari sai ranar wanki ko ranar hutu, ki samu malamar da ke kula da sashenku ita kaɗai, ki ce mata: an cire wurina, ina so in san ko akwai abin da zan gyara. In ta ce tsarin wasa ne, ki yarda da ita. In ta nuna miki kuskure, ki roƙe ta minti goma bayan atisaye ta tsaya a kanki har hannunki ya kama. Shekarunki sun ba ki damar aƙalla kaka ɗaya a gaba, kuma masu raba gurabe a gwajin Nuwamba suna tuna wadda ta zo ta tambaya. Ki kira mamanki da rana, bayan kin ci abinci, ki gaya mata duk yadda kuka yi da malamar.