Darasi Kan Guguwar Damina: Yadda Za Mu Tsare Kanmu da Iyalinmu a Cikin Gida

Darasinmu na wannan fitowa a kan iskar farkon damina yake. Da yawa daga cikinmu baƙi ne a nan. Wasu na haya, wasu na zaune a ɗakin da mai masauki ya ba su aro, wasu kuma suna ƙarƙashin tanti ko rumfar tampol. Ba mu muka gina waɗannan ɗakuna ba, ba mu san ƙarfin rufinsu ba, ba mu kuma san ta inda ruwa yake bi a unguwar ba. Shi ya sa muke roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansu, har da yara.

1. Wace irin iska ce?

Mukan ji a rediyo ana labarin mahaukaciyar guguwar teku da ke afka wa Amurka da tsibiran Karebiyan. Irin wannan guguwa a kan teku mai ɗumi take haɗuwa, kuma sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 cikin awa guda ake ba ta wannan suna. Irinta ce ta afka wa birnin Beira na ƙasar Mozambik a watan Maris na 2019, aka sa mata suna Idai, ta kashe mutum fiye da 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Mu a nan muna nesa da teku, wannan ba ta zuwa mana.

Amma tamu da tasu dangi ne. Hadarin da ke haɗuwa a sararin Afirka ta Yamma daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Wani ya ratsa ƙasashenmu har ya faɗa tekun Atilantika, a can ne wani lokaci yake girma ya zama guguwar da ake ba suna. Abin da ke wucewa ta kanmu a Parakou da Djougou jerin hadari ne mai tafe da iska a gabansa. Damina a wannan yanki takan kama daga wajen Afirilu zuwa Oktoba, kuma iskar ta fi muni a farkonta da ƙarshenta. Ta fi zuwa da la'asar ko cikin dare. Ba ta daɗewa, sau da yawa ba ta wuce rabin awa, amma cikin wannan ɗan lokaci take yaye kwano, ta karya bishiya, ta kayar da turken lantarki.

Bayan iska sai ruwa. A shekarar 2010 ambaliya ta shafi ƙananan hukumomi 55 daga cikin 77 na ƙasar Benin. Mutum kusan 680,000 abin ya taɓa, fiye da 40 suka rasu, har hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo dubban tantuna ta jirgin sama. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

2. Alamomin da za mu lura da su

Rana ta yi zafi ƙwarai, jiki yana ta gumi. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ko ta yi ja saboda ƙura. Iska ta ɗauke cak, ganye ko motsi ba ya yi. Sai wata iska mai sanyi ta buso. Wannan sanyin shi ne gargaɗi na ƙarshe, abin da ya rage 'yan mintoci ne. Mu riƙa sauraron sanarwar hukumar hasashen yanayi ta Météo-Bénin a gidajen rediyo, amma kada mu jira sanarwa idan idonmu ya ga hadari.

Akwai hanyar sanin nisan tsawa. In mun ga walƙiya, mu fara ƙirga daƙiƙa har mu ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan. In ƙirgarmu ba ta kai 30 ba, aradu na iya faɗowa inda muke, sai mu shige ɗaki.

3. Shirin da za mu yi tun yau

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga ayyukan da ya kamata kowane gida ya gama kafin hadari na gaba.

Rufin kwano. Iska ba danna kwano take yi ba, ɗaga shi take yi, kuma daga baki da kusurwa take farawa. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take jan rufi da shi yakan ninka sau huɗu. Mu duba bakin kwanon ko'ina, duk ƙusar da ta saki a sake ta da ƙusa mai hula, a ƙara yawansu a gefe-gefe. Mu duba katakon da kwanon ke kai: in gara ta ci shi, ƙusa ba za ta riƙe ba. A ɗaure katakon da jikin bango da waya mai kauri ko siririn rodi, domin sau da yawa kwano da katako tare suke tashi. Dutse da bulo da ake ɗorawa a kan rufi suna da hatsari, in kwanon ya tashi kan mutane suke faɗowa. Buhun yashi ya fi su, igiya mai ƙarfi da aka ɗaure har ƙasa ta fi duka.

Wanda ke haya kada ya ce gyara na mai gida ne ya naɗe hannu. Ya gaya wa mai gidan tun da wuri. In magana ba ta yiwu ba, a kai ta gaban mai unguwa ko wakilan kwamitinmu. Rufin na mai gida ne, amma 'ya'yanmu ne ke kwana a ƙarƙashinsa.

Ɗakin ƙasa da na jinka. A gyara yaɓe, musamman bangon gabas da ruwa ke duka. A tara ƙasa a gindin bango ta yi gangare zuwa waje, don kada ruwa ya kwanta ya jiƙa tushe. A sake ɗaure jinka da sabuwar igiya.

Tanti da rumfar tampol. A kafa turaku a karkace, kansu na kallon nesa da tantin, a ja igiyoyi su yi tauri. A binne bakin tampol da ƙasa ko a danne shi da buhunan yashi, don kada iska ta sami ƙofar shiga ta ƙasa. A haƙa 'yar kwata kewaye da tanti, a ba ta hanyar fita zuwa gangare, ba zuwa tantin maƙwabci ba. Masu tanti su san tun yanzu wane gini mai ƙarfi za su shiga in iska ta fi ƙarfin tantin.

Tsakar gida da layi. A sare busasshen reshen mangwaro ko dalbejiya da ya rufa kan ɗaki. A kwashe shara da leda daga kwata da bakin kwalbati. Wannan aikin gayya ne, gida ɗaya ba ya iya shi.

Jakar gaggawa. Kowane gida ya tanadi jaka guda a rataye kusa da ƙofa. A ciki a sa katin shaidar gudun hijira, takardun haihuwa, katin rigakafin yara da na awon ciki, duk a naɗe cikin leda biyu. Mai waya ya ɗauki hotonsu ya ajiye. A sa tocila da batir, ashana cikin leda, maganin da wani a gidan ke sha kullum, gishirin zawo na ORS, sabulu, da abincin da ba ya bukatar dahuwa, kamar garin rogo, ƙuli-ƙuli, gyaɗa da dabino. A cika jarkoki da ruwan sha a rufe, wanda zai kai gidan kwana 3, aƙalla lita 3 ga kowane mutum a rana don sha kawai. A riƙa cajin waya da rana, domin wuta ce ke fara ɗaukewa.

4. Idan iska ta taso

Na farko, a tara yara a ƙirga su. A kwashe bokiti, kwanuka, tabarmi, itace da guntayen kwano daga tsakar gida. A kashe murhu, a zuba wa garwashi ruwa, domin iska na ɗaukar wuta ta kai kan jinka. A sauke lantarki daga mita, a cire waya daga caji.

A rufe ƙofa da tagogi duka, a sa sakata. Wasu na cewa a bar taga a buɗe iska ta wuce. Kuskure ne. In iska ta shiga ɗaki, tana tura rufi daga ciki yayin da ta waje ke jan sa daga sama, nan da nan sai ya tashi.

A zauna a ɗakin da ya fi ƙarfi, nesa da taga, nesa kuma da bangon da ya tsage. In an ji kwano ya fara ɗagawa, a shiga ƙarƙashin gado ko tebur, a rufe kan yara da katifa. Kada kowa ya hau sama don danne rufi, kada kuma a fita bin kwanon da ya tashi. Kwano a cikin iska wuƙa ne. Za a iya sayen wani, hukuma ma na iya taimakawa, amma rai ba shi da madadi.

Saboda tsawa, kada a jingina da ƙofar ƙarfe, kada a yi wanka ko wanke-wanke, kada a fita tarar ruwa a bakin indararo. Wanda hadari ya riske shi a gona ko a hanya kada ya fake a gindin bishiya, ya nemi gini ko ya shiga mota ya rufe gilashi. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a fita. In aradu ta taɓa mutum, babu wuta a jikinsa, a taɓa shi a taimake shi nan take, a garzaya da shi asibiti.

Kada a shigar da gawayi mai ci ko janareta cikin rufaffen ɗaki. Suna fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutane cikin barci.

5. Yaushe za mu bar gida?

Ka'idar a taƙaice ita ce: in iska ce, a zauna ciki, in ruwa ne, a fita da wuri. Za mu bar ɗaki idan ruwa ya fara shigowa yana ƙaruwa, ko bango ya jiƙe ya fara tsagewa ko zubar da ƙasa, ko rufi ya tafi, ko hukuma ta ce a tashi. Ginin ƙasa yakan faɗi bayan ruwa ya ɗauke, sau da yawa cikin dare, lokacin da mutane suka saki jiki.

Mun san abin da ke hana mutane fita: tsoron ɓarayi, da kuma zafin sake barin gida ga wanda ya taɓa barin nasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganinsa shi ne a shirya tun yanzu. Kowane layi ya zauna da mai unguwa a tsayar da wurin taruwa a kan tudu, makaranta ko masallaci ko coci mai ginin siminti, a kuma zaɓi waɗanda za su sa ido kan gidaje. A rubuta sunayen tsofaffi, masu ciki, masu jego, naƙasassu da marasa lafiya, kowannensu a san wanda zai ɗauke shi.

A hanya kada a ratsa ruwa mai gudu. Wanda ya kai santimita 15, wato ya ɗan haura idon sawu, yana kayar da babban mutum. Wanda ya kai santimita 60 yana tafiya da mota, balle babur. Da dare ba a ganin kwata ko rijiyar da ruwa ya rufe, sai a riƙe sanda ana dubawa, yara kuma a goye ko a kafaɗa.

6. Bayan ta wuce

Duk wayar lantarki da ta faɗi a ɗauka da wuta a jikinta. Kada a taɓa ta, kada a taka ruwan da take ciki, a tsare yara, a sanar da kamfanin SBEE. In gini ya danne mutum, ko gobara ta tashi, ko ruwa ya tafi da wani, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118. A sa takalmi saboda ƙusa da kwalba. A duba itace da ƙarƙashin kaya da sanda, domin ruwa na koro macizai da kunamu cikin gida.

Rijiyar da ruwan sama ya malala cikinta ta gurɓata, ko da ruwan ya yi fari, domin ambaliya na haɗa masai da rijiya. A tafasa ruwan sha ya yi minti 1 yana tafasa sosai, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. In yaro ya fara zawo, a dama ORS ƙunshi ɗaya cikin lita 1 na ruwa mai tsabta a riƙa ba shi, a ci gaba da ba shi nono. In zawon kamar ruwan shinkafa ne, ko da amai, a kai shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. A zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwani da tsofaffin tayoyi, kowa ya kwana cikin gidan sauro.

Wanda ya yi asara ya ɗauki hoto in da hali, ya sanar da mai unguwa da ma'aikatanmu. Wanda takardunsa suka lalace ya zo da abin da ya rage. Muna tunatar da kowa cewa rajista da taimako kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wata alfarma kafin ya sa sunanku, ku kawo ƙararsa.

7. Tambayoyin bita

A taron layi ko na mata na wannan mako, mu amsa waɗannan tare:

a. Wane ɗaki ne ya fi ƙarfi a gidanmu?
b. Ina jakar takardunmu take, kuma wa zai ɗauke ta?
c. Ina ne wurin taruwarmu, kuma ta wace hanya za mu je ba tare da ratsa kwari ba?
d. Wane maƙwabci ne ba zai iya fita shi kaɗai ba, kuma wa ke da alhakinsa?
e. Me ya sa ba a barin taga a buɗe lokacin iska?

Gidan da ya kasa amsa ɗaya daga cikinsu ya nemi wakilin kwamiti kafin ƙarshen mako. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin iska da ruwa.