Ƙwallon Golf Mai Baudewa Dama

Tambaya: Na sayi sandar golf hannun 'yan gwanjo a Kasuwar Sabon Gari, amma ƙwallona kullum baudewa dama take yi. Sandar ce?

Amsa: Malam, kada ka ɗora wa ɗan gwanjo laifi tukuna. Awon na'urar TrackMan ya nuna fuskar sanda ce ke yanke kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na inda ƙwallo za ta fara nufa, lanƙwasa kuwa daga saɓanin fuskar da hanyar da sandar ta biyo take fitowa. In da hannun dama kake bugu, hanyar ta yi hagu, fuskar tana kallon daman hanyar. Za ka ce to bari ka ƙara karkata hagu. Sau da yawa saɓanin kake ƙarawa. Fara murɗa riƙonka kaɗan zuwa dama.