Darasin Uwargida: Yadda Ake Raba Tukunya da Maiƙo

Uwargida, kin taɓa wanke kaskon tuya har sau biyu, amma da kin shafa sai ki ji yana danƙo? Wannan maiƙo ne. Ruwa kaɗai ba ya fitar da shi, domin mai da ruwa ba sa haɗuwa. Idan aka bar shi, ƙura ta manne, ƙudaje da kyankyasai su samu wurin kiwo. Daga nan ƙazanta ta shiga abinci, yara su kama gudawa.

Akwai wani farin gari da ake kira bekin soda. Masu yin burodi da cincin sun san shi. Ana samunsa a kantunan kayan fulawa. 'Yar'uwar kanwa ce, domin ita ma kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi tana ɗauke da irin wannan gishiri. Ki gwada zuba ruwan kanwa a cikin manja ki juya. Za ki ga ya yi kauri, ya haɗe da ruwan. Kusan haka soda take sassauta maiƙo, garinta kuma yana kankare shi a hankali.

Ga yadda ake yi. Ki fara tsiyaye ragowar man. Ki kwaɓa soda cokali 3 da ruwa cokali 1, ya yi kamar ƙullu. Ki shafe inda maiƙon yake, ki bar shi minti 15. Kada ki yi gaggawa, jiran nan shi ne rabin aikin. Sai ki goge da soso da ɗan sabulu, ki ɗauraye da ruwan ɗumi, ki kife a rana. Idan ƙanzo ne ya kama gindin tukunya, ki zuba ruwa da soda cokali 2, ki tafasa kaɗan, ki bari ya huce kafin ki kankare.

Tukunyar dalma kuwa ba ta son soda ta daɗe a jikinta, takan yi duhu. Ki wanke ta nan da nan. Ranar da babu soda, tokar murhu da aka tankaɗe tana yin aikin. Iyayenmu da ita suka saba, kuma ba a sayenta.

A nan sai ki buɗe ido. Akwai wata sodar dabam, wadda ake haɗa sabulu da ita. Ita ma fara ce, amma tana ƙona fata, tana makantar da ido. Yaron da ya sha ruwanta, maƙogwaronsa yakan ƙone. Kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti. Saboda haka kada ki sayi farin gari a ƙullin leda da ba rubutu. Ki duba kwalin da kanki. Idan kin ga BAKING SODA, ita ce ta girki. Idan kin ga CAUSTIC SODA, ta sabulu ce, kada ta shiga madafa.