Tsohuwar delta a ƙarƙashin hamada

In ruwan sama ya ɗauke, ƙorama takan bar rairai da laka a inda gudunta ya ƙare. Haka manyan gulabe suke yi. In gulbi ya kai bakin teku, ƙarfinsa yakan ragu, sai ya sauke kayan da ya ɗauko. Rairai ne yake fara kwantawa, laka kuwa sai ta yi nisa cikin teku. A hankali sabuwar ƙasa ta fito, gulbin ya rarrabu kamar yatsun hannu. Irin wannan wuri shi ake kira delta. Gulbin Kwara yana da delta babba a kudancin Nijeriya.

Wasu delta sun daɗe da mutuwa, ƙasa ta rufe su. Akwai irinsu a Nijar, yamma da duwatsun Azbin. Fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, babu hamada a wurin. Gulabe ne suke zuba cikin teku, itatuwa suna tsirowa a fadamu. Rairai ya yi ta hawa kan rairai, har nauyi ya danne shi ya zama dutse. Masana sun gane haka ne daga jerin duwatsun da kuma ragowar tsirrai da suke cikinsu.

Itatuwan da laka ta binne sun zama gawayin ƙasa. Shi ne ake haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin. A shekarar 1981 aka fara ƙona shi don samun wutar lantarki.

Dutsen rairai yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana ratsa shi. Ruwan ya kwaso uraniyom daga duwatsu, ya ajiye shi inda ya tarar da ruɓaɓɓun tsirrai. A shekarar 1971 aka fara fitar da shi a Arlit.

Abin da gulabe suka tara cikin miliyoyin shekaru, mutum yana iya kwashe shi cikin shekaru kaɗan. In ya ƙare, ba ya sake tsirowa kamar hatsi.

Tambayoyi
1. Don me gulbi yake sauke kayansa a bakin teku?
2. Yaya gawayin ƙasa ya samu?
3. Ku zuba rairai da laka da ruwa cikin kwalba, ku girgiza, ku ajiye. Wanne ya fara kwantawa?