Firi Ba Birki Ba Ne

'Yan'uwa manoma, wasu injunan girbin shinkafa da muke haya a gonakin Bakolori, daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, man haidirolik ne ke juya ƙafafunsu. In direba ya sa firi, famfo yakan daina tura man. Man da ya tsare cikin bututu, shi ke riƙe injin. Amma fa yana tsiyayewa ta ciki kaɗan-kaɗan, balle in ya yi zafi ko injin ya tsufa. A gangaren bakin kanal sai injin ya soma silalewa shiru, ga yara suna kala a ƙasa. Kafin mu sauka, mu ja birkin hannu, mu sauke bakin yankan har ƙasa, mu sa waigi.